Cigiyar Malam Isiyaku a Garin Zauruka

Zazzaɓin ya fara tun da hantsi, daga ƙeya ya gangaro kafaɗu, amma Barira ba ta kula shi ba sai da haruffan wayarta suka soma rarrafe kamar kiyashi. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumfar tsakar gida, ta jingina da bango, babban yatsanta bai daina jan fuskar wayar ba.

Mahaifinta take nema. Malam Isiyaku tsohon malamin gona ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babur yana zaga ƙauyukan ƙasar Malumfashi, yana koya wa manoma tazarar shuka da yadda ake zuba taki. Da tsufa ya zo sai ya taɓa masa tunani. Wata rana ya kira Barira da sunan yayarsa Delu, wadda ta rasu tun ba a haifi Barirar ba. Wata rana ya tashi da sassafe ya ce zai fita rangadi, manoma na jiransa. Kullum akan tare shi a bakin ƙofa. Wata ranar kasuwa ba a tare shi ba. Wani ɗan kamasho a tasha ya ce ya ga dattijo mai guntun yatsa irin na Malam ya shiga mota, amma bai riƙe ko motar ina ba ce.

An kai rahoto, an duba asibitoci, an yi shela a masallatai. Ana cikin haka Lantana, 'yar ƙanwar Inna da ke aure a Zariya, ta bugo waya tana kuka. Ta ce ta ga hoton wani dattijo a intanet yana zaune a kan benci, an rubuta cewa an tsince shi bai san sunan garinsu ba, wanda ya san shi ya yi magana. Ta wuce hoton a lokacin, don labarin ɓatan bai iso mata ba tukuna. Da ta ji ta koma nema, hoton ya nutse.

Ba a manyan dandalin nan da kamfani ɗaya ke riƙe da su Lantana ta gan shi ba. A ƙananan zaurukan hira ne da mutane suka kakkafa da kansu, kowane zaure da mai shi da dokarsa, suna miƙa wa juna saƙo idan sun ga dama. Daga wani zaure hoton ya faɗo cikin na Lantana, ita kuma ba ta duba wanne ba ne, kuma zauren nata yakan share baƙon saƙo da ya kwana biyu. Wanda ya yi bincike daga zaurensa, abin da ya taɓa shigowa zauren kawai zai gani. Barira ta yi rajista a na manoma, da na direbobi, da na masu cigiya, da wasu da ba ta ma san me ya tara su ba, har kalmomin sirrin suka cakuɗe mata.

Inna, mahaifiyar Barira, ta zo da kofin ruwa da ƙwayar magani. "Ki ajiye abin nan ki haɗiye wannan. In kika kwanta ke ma, wa zan kama?"

"To, Inna."

Ta haɗiye maganin amma ba ta ajiye wayar ba. Ta ɗora ta a ƙirji, ta ce bari idonta ya huta kaɗan. Inuwar rumfar ta yi nauyi, ta sauko ta lulluɓe ta.

Tabarmar ta motsa a ƙarƙashinta kamar bayan dabba. Da ta buɗe ido babu rumfa, babu katanga. Ruwa ne shimfiɗe iyakar gani, ruwa marar igiya mai launin toka, a cikinsa tuddai birjik, a kan kowane tudu zaure ɗaya tak, ba gida a bayansa. Kowane zaure da nasa sararin sama. A kan wani ana yayyafi, a kan na kusa da shi rana ce tsaka. Daga kowanne hayaniyar hira na tashi, amma da ta kai bakin ruwa sai ta faɗi ta mutu.

A ƙofar zauren da Barira ke tsaye an rataye wata tsohuwar rariya a ƙusa. Rariyar ta juya kanta ta dube ta da dukkan hujojinta.

"Me ake nema?"

"Mahaifina."

"Ba na jin mahaifi. Faɗi kalma."

Barira ta ce, "Dattijo."

Rariyar ta girgiza. Dattawa suka zubo ƙasa ƙanana kamar tsakin masara, wani yana tallar rago, wani an sanar da rasuwarsa, wani ana yi masa dariya don ya faɗo daga kan jaki. Ta tsuguna ta tona su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Duk yatsunsu cikakku ne.

"An tsinta," in ji ta.

Makullai suka zubo, da katin shaida, da wata akuya mai baƙin kunne da ta miƙe ta kakkaɓe jiki ta shige zaure.

"Ba ya ciki."

"Abin da aka zuba mini shi nake tankaɗewa," in ji rariyar. "Wanda bai taɓa ratsa ƙofar nan ba, a wurina ba a haife shi ba."

"To ina babbar rariyar, wadda ke tankaɗe garin nan duka?"

"An taɓa saƙa ta. Masu zauruka suka taru suka yayyage ta. Sun ce mai babbar rariya, in ya gama tankaɗe maganar mutane, auna ta yake yi a mudu ya kai kasuwa." Sannan ta ƙara, "Ba su yi ƙarya ba. Sai dai ke ba ruwanki da wannan, ke uba kike nema. Ga mai fito can."

Jirgin ya riga ya iso ba tare da ta ji shi ba. Mai fiton dogo ne siriri, fuskarsa a shafe kamar tsohon kwabo, gorar tuƙinsa ba ta taɓa ƙasan ruwa. Jirgin cike yake da ƙore, manya da ƙanana, kowace an rufe ta da faifai. Barira ta raɓa ta zauna a tsakaninsu.

"Baba, me ka ɗauko haka?"

"Magana. Daga wancan zaure zuwa wannan. Wanda ya yi oda shi nake kai wa, wanda bai yi ba na wuce shi."

Ta lura ƙasan jirgin na yoyo, amma ba ruwa ne ke shigowa ba, kaya ne ke fita. Can ƙwarya ta sulale ta ɓace, can wata. Mai fiton bai ko waiwaya ba.

Ta ɗaga faifan wata ƙaramar ƙwarya. Murya ta fito, ta mace: "Allah sarki. Yana cin abinci kuwa?" Ta ɗaga wata. "A kai shi wurin mai gari mana." Ta ɗaga wata. "Kamar na san fuskar nan, amma na rasa a ina."

"Waɗannan amsoshi ne," in ji Barira. "Ina maganar da suke amsawa?"

"Uwar ba ta hau jirgina ba. 'Ya'yan kawai aka miƙo mini."

Ta ci gaba da ɗaga faifai. A can ƙasa akwai wata 'yar ƙwarya mai tsaga, maganar cikinta ta kusa tsiyayewa. Muryar namiji ce, mai nauyin harshen ƙauye: "Ya ce shi malamin gona ne. Tun safe yana duba mana ganyen masara, ya hana kowa sakat."

Barira ta rungume ƙwaryar. Dariya ta taso mata tare da kuka.

"Shi ne. Wallahi shi ne. Baba, daga ina aka ba ka wannan?"

Mai fiton ya nuna da haɓa. Can nesa akwai wani tudu da zaure mai shuɗiyar ƙofa, ƙarami kamar ƙwayar wake.

"Kai ni."

"Daga wannan gaɓar ba a zuwa can. An yanke igiya. Sai dai ki roƙi wadda ta yanke."

Bai tsaya ba, wani tudun ne ya zo ya same su. Barira ta tsinci kanta a wani zaure mai tsabta, an share shi har ƙasa na sheƙi, mata da maza na hira a hankali ba mai ɗaga murya. A bangon gabas wata mace mai jiki, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana ta yaɓa laka a kan wata taga. Tagar ta riga ta toshe tuntuni, amma ba ta daina ƙara mata ba. Makullai ne a ƙugunta kamar jigida.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yauwa, 'yar nan. Shigo, nan ba mai zagin ki."

"Wucewa zan yi. Mahaifina yana bayan tagar nan."

Matar ta tsaya da laka a hannu. Ta dubi Barira da idon da ya san rashin barci.

"Kin san abin da ke shigowa ta tagar nan kafin in toshe ta? Akwai wasu zauruka a wancan ɓangaren da ba su da mai tsawatarwa. Yarinya za ta sa hotonta na sauka, kafin azahar sun mai da ita abin da ba ya faɗuwa. Wata a nan har ta daina fita ƙofar gida. Na aika musu, na sake aikawa, ba wanda ya tanka. Sai na toshe ɓangaren gaba ɗaya."

"Har da mai shuɗiyar ƙofa?"

"Shi bai yi mini komai ba. Amma yana gaisawa da waɗanda suka yi."

"Ɗan ƙaramin huji, Hajiya. Ido ɗaya zan sa."

"Hujin da idonki zai shiga, bakinsu ma zai shiga." Ta yaɓa lakar. "Ina da uba ni ma, ya rasu a hannuna. Na san abin da kike ji. Amma mutanen nan amana ce a wuyana. In kina son zuwa, ki zaga ta baya, ƙofa bayan ƙofa. Sai dai ba a shiga zauren wani da sunan da aka zo da shi. A kowace ƙofa za ki tuɓe na jikinki su ba ki nasu."

Barira ta zaga. A ƙofar farko wata ƙusa ta miƙo kai, Barira ta cire sunanta kamar mayafi ta rataye, aka ba ta wani ɗan guntun suna mai lamba a wutsiya. A ƙofa ta gaba ta rataye wannan aka ba ta wani. A wata ƙofar aka ce ta zauna sai mai zaure ya dawo ya amince da ita, ta zauna har ciyawa ta tsiro tsakanin yatsun ƙafarta. A wata aka tambaye ta dalilin zuwanta, ta ce cigiya, aka ce nan zauren masu kiwon tattabaru ne, ba a kawo wata magana, amma Allah ya bayyana. Ko'ina sai an ce Allah ya bayyana, da zuciya ɗaya kuwa ake faɗa. Ta lura duk sunan da ta tuɓe yana tafiya da wani abu nata. Ta duba hannunta ta ga tana hango ruwa ta cikinsa.

Da ta iso shuɗiyar ƙofa ba ta da nauyin da za ta tura ta. Ta bi ta tsagar katako ta shige kamar hayaƙi.

Ba kowa a zauren. Tabarmi na shimfiɗe, har da ɗumin waɗanda suka tashi, butoci a jere, amma bangon na narkewa a hankali yana gangarowa kamar sabulu a cikin ruwa. A tsakiya fitilar ƙwai ce, harshenta ya rage kamar ƙwayar gero.

"Kin makara kaɗan," in ji fitilar. Muryarta ta tsohuwar da ta gaji ce.

"Ina mutanen?"

"Sun watse. Kowa ya nemi wani tudun."

"Mai zauren fa?"

"Ya gaji. Shi ke zuba mini mai, shi ke shara, shi ke raba faɗa, shi ake zagi in an raba. Matarsa ta haihu, aikinsa ya ƙaru. Ya tsaya a nan ya ce, jama'a, wa zai karɓa? Kowa ya dubi na kusa da shi. Sai ya sa takalmi. Ba mugu ba ne. Ni ma ragowar man da ya bari nake sha."

"An sa hoton wani dattijo a nan."

"Duba bango, kafin ya gama zama ruwa. Ɗauke ni, amma kada ki yi numfashi da ƙarfi."

Ta ɗauki fitilar da tafin hannu biyu. Bangon cike yake da hotuna, sai dai duk sun zube daga cikin katakansu, saura rubutun ƙasa. Ga mu a wurin suna, babu kowa. Dubi yadda ruwa ya yi mana, babu ruwan. Ta bi su tana karantawa, laka na ɗiga a kafaɗarta, har ta zo kan wani da bai gama zubewa ba. Benci ne na katako a gindin bishiyar mangwaro. A kan bencin akwai rami mai siffar mutum a zaune, da siffar hula, da hannu ɗaya a kan gwiwa, yatsa ɗaya guntu.

A ƙasa an rubuta: An tsinci wannan dattijo a. Daga nan sai gara, jerin gara farare suna tafiya da sauran haruffan a bakinsu, kowace da ɗigo ɗaya, suna shiga ƙasa.

"Ku dawo da shi," in ji Barira. "Kalma ɗaya ce."

Garar ba su tsaya ba. Fitilar ce ta amsa. "Ba sa ji. Su dai an ce musu wuri ya zama kango."

Sai iska ta huro ta cikin ramin, iska mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Barira ta sa fuskarta a ramin. Gonar masara ce kore shar, ta kai ƙirji, rana na sheƙi a kan ganye. A tsakanin kunya wani dattijo ya duƙa, ya juya bayan ganye yana dubawa, rigar jikinsa ba tasa ba ce, ta yi masa yawa.

"Baba."

Ya ɗago a hankali, ya kare ido da hannu. Fuskarsa ta washe.

"Yaya Delu. Kun daɗe."

Ba ta gyara masa ba. "Mun daɗe. Kana lafiya? Suna ba ka abinci?"

"Mutanen kirki ne. Sai dai suna shuka a matse, na yi ta faɗa ba sa ji. Ga tsutsa ta fara shiga." Ya saki ganyen. Murmushin ya tafi, ya bar wata fuska ta yaro da aka manta a kasuwa. "Na ce su kai ni gida. Sun ce ina ne gida, na ce ai kowa ya sani. Sun ce sun yi cigiya, a jira. Kullum da yamma ina zama a bencin can. Motoci na wucewa, ba wadda ta tsaya."

"Muna nemanka, Baba. Inna ba ta barci."

"To me ya hana ku zuwa? Ai ba ɓoye ni aka yi ba. Ga ni a fili."

Ta ƙara matsawa kusa. Ta miƙa hannu ta cikin ramin, hannun ya wuce ta cikin ganyen masara bai kaɗa ko ɗaya ba.

"Faɗa mini sunan garin. Ka tambaye su ka faɗa mini."

"Sai na tambaya? Ni da na auna gonakin garin nan da ƙafata?" Ya yi 'yar dariya irin tasa ta da, ta ma'aikacin da ya san aikinsa. Ya matso, ya faɗi sunan sarai, gaɓa bayan gaɓa, kamar yadda yake karanta wa manoma sunan taki.

Sunan ya shiga bakinta da zafi kamar dafaffen dankali. Ta san shi. Ta taɓa jin sa a bakinsa tana ƙarama. Fitilar ta yi ajiyar zuciya ta mutu, bangon ya zauna gaba ɗaya, ruwan toka ya shigo har gwiwa.

Ta juya da gudu, tana maimaita sunan don kada ya huce. Ƙofofin da ta ratso suka taso a jere, kowace na tambayar kalmar sirrinta. Ta buɗe baki don ta ba ƙofar farko amsa, gaɓar ƙarshe ta sunan ta faɗo cikin ruwa. Ta rufe baki, ƙofar ta ƙi buɗuwa. Ta buɗe, wata gaɓar ta faɗi. Ta hango mai fito yana wucewa can nesa da ƙorensa, ta ɗaga hannu, bai ga kowa ba, don ba wanda ya yi odarta. Ruwan ya kai wuya. Ta tattara ƙarfinta ta ƙwala abin da ya rage na sunan, ta sake ƙwalawa.

"Barira. Ke Barira."

Ta zabura ta tashi zaune, wayar ta faɗo kan tabarma. Rigarta ta jiƙe sharkaf. Inuwar rumfa ta koma gabas, la'asar ta yi. A maƙwabta injin markaɗe na ta ruri kamar zai tsaga katanga. Inna na durƙushe a gabanta, hannu a goshinta.

"Zazzaɓin ya sauka. Sai sambatu kike yi."

Barira ta taɓa harshenta da haƙori. Akwai zafi a wurin, amma babu komai a kai. Ta runtse ido ta bi sawun, ta ga masarar, ta ga rigar da ta yi masa yawa, ta ga leɓɓansa suna motsi. Sautin ne babu.

"Inna, me nake cewa?"

"Wata kalma ce kike ta nanatawa."

"Wace kalma?"

"Ina na ji, ga injin nan tun ɗazu." Inna ta dubi ƙasa, ta ga yadda 'yarta ta riƙe mata hannu. "Kamar dai sunan gari. Kamar da Gidan ya fara."

"Gidan wa?"

"Iyakar abin da na kama ke nan."

Barira ta saki hannun. Daga nan har iyakar ƙasar Hausa, ba hanyar da mutum zai bi bai ratsa Gidan wane ba, wasu ma ba su a taswira, sai a bakin direbobi.

Inna ba ta tambaye ta abin da ta gani ba. Ta miƙe da ƙyar, dafe da gwiwa, ta nufi madafa. Barira na ji ta ɗauko kwanon Malam mai murfi, wanda take zuba masa tuwo kullum ta ajiye har ya kwana.

Ta ɗauki wayar ta goge fuskarta da gefen zane. Cajin ya kusa ƙarewa. Ta buɗe zauren da ya fara zuwa hannunta, ta shiga wurin bincike, ta rubuta Gidan. Yatsanta ya tsaya a sama, yana jiran sauran.